Yadda za ka gane ko gwajin girip na gaggawa yana faɗa maka gaskiya a labonka

Salamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan labo da masu duba marasa lafiya, na Garwa da Marwa da Ngaundere har zuwa Kusseri da waɗanda ke tsallaka gada su shiga Njamena aiki. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shine tun bayan korona kwalayen gwajin gaggawa suka cika mana wuri, wasu na girip kaɗai, wasu an haɗa korona da girip A da B a kaset ɗaya, kuma abin da nake gani da idona shine an ɗauke su kaman TDR ɗin palu, wato gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro, da muka saba da shi, layi ɗaya ya fito sai a ce wa uwar yaro babu komai mama ki je gida. To gwajin girip ba haka yake ba wallahi. Idan ya ce akwai, galibi gaskiya ya faɗa, amma idan ya ce babu, wannan babun tasa sai an bi ta a hankali, kuma ba za ka san iya raunin ta ba sai ka auna da kanka, a zafinmu, da hannun ma'aikatanka, a kan marasa lafiyar da ke zuwa wajenka.

Da farko dai mu raba mura da girip, don mu a nan duk abin da ya toshe hanci mura ne. Girip, wato infuluwenza, ƙwayar cutarta daban ce, ita ce mai kayar da mutum lokaci ɗaya da zazzaɓi da tari da ciwon jiki kaman an yi masa duka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara ta hanyar ciwon numfashi. Gwajin gaggawan nan kuwa wani sinadari na jikin ƙwayar yake nema a cikin majina, baya ninka komai, abin da tsinke ya ɗebo shi kaɗai yake gani, shi ya sa cikin minti 10 zuwa 15 ya gama, kuma shi ya sa idan ƙwayar ba ta da yawa a hanci sai ya wuce ta bai gani ba. PCR kuwa ninka ƙwayar halittar cutar yake yi ninki bisa ninki har ɗan kaɗan ya fito fili, don haka shi ne ma'aunin da za mu ɗora gwajin gaggawa a kai.

Kalmomi biyu ne za su yi ta dawowa. Na farko ƙarfin kamu, wanda a takardar cikin kwali za ka ga an rubuta sansibilite: cikin masu cutar da gaske, nawa gwajin ya kama. Na biyu ƙarfin wankewa, sipesifisite kenan: cikin waɗanda ba su da ita, nawa ya wanke ya ce babu. A 2012 an haɗa bincike 159 wuri ɗaya aka duba, sai aka samu ƙarfin kamu na waɗannan gwaje-gwajen wajen kashi 62 cikin 100 ne, ƙarfin wankewa kuwa kashi 98. A manya ma kamun ya sauka zuwa wajen kashi 54, a yara ya kai wajen 67 saboda yaro ya fi zubar da ƙwayar da yawa kuma ya fi daɗewa yana zubarwa. Wani haɗin da aka yi a 2017 ya raba su gida uku, waɗanda ake karantawa da ido sun tsaya wajen kashi 54, masu 'yar na'urar karantawa irin su Sofia da BD Veritor sun kai wajen 80 a girip A, na PCR ɗin gaggawa kuma sun haura 90. A shekarar ce ma Amurka ta tsananta doka ta ce sai gwaji ya kai kashi 80 idan an gwama shi da PCR kafin a bar shi a kasuwarta. Mu kuma kwalayen da ke shigo mana ta ko'ina suke zuwa, wasu kyauta wasu saye, kuma kusan kowanne ka buɗe takardarsa lambar da ke ciki ta fi wannan kyau nesa ba kusa ba.

Ba wai dole ƙarya kamfani ya yi ba fa. Shi a ɗakin sanyi ya gwada, da samfur mai ƙwaya da yawa, da ƙwararrun masu ɗiban majina. Kai kuma kwalinka ya kwana a bayan mota daga kudu, ya sha rana a tasha, sannan ya zo ya zauna a sito. Yawancin kwalayen nan an rubuta a jikinsu kar su wuce digiri 30, mu kuwa a Garwa watan Maris da Afrilu zafi ya haura 40 ba labari ba ne. Akwai wata cibiyar lafiya da na taɓa aiki, aka kawo kwali daidai tsakiyar bazara aka jibge a sito mai rufin kwano, ba taga ba komai, bayan 'yan makonni da na ɗauko tsinken pozitif ɗin da kamfani ya saka a ciki don gwadawa, layin da ya kamata ya fito ɓaro-ɓaro sai ya fito dishi-dishi sai ka karkata shi ga haske, amma layin C ɗin nan, wato layin da ke nuna gwajin ya gudana, yana nan jajur lafiya lau. Tun daga ranar na daina yarda da cewa wai tunda C ya fito komai daidai ne. Layin C yana gaya maka ruwa ya bi takardar ne, baya gaya maka an ɗebo majina da kyau, baya kuma ba ka tabbacin ƙarfin kamun yana nan yadda ya baro kamfani.

To ta ina za a fara.

Kar ka buɗe kaset ko ɗaya sai ka san inda za a yi maka PCR. A Kamaru, Centre Pasteur da ke Yawunde ita ce cibiyar ƙasa ta girip, kuma tana da reshe a nan Garwa, can ya kamata ka fara taka ƙafa ka zauna da su, ku yi magana a kan samfur nawa za su iya karɓa, wace rana, a wane kwalabe, da wanda zai ɗauki kuɗin sinadarai. In kana Marwa ka sa a lissafi akwai tafiyar wajen kilomita 200 tsakaninka da Garwa, in kuma sai an kai Yawunde to sama da kilomita 1000 ake magana. Wasu asibitocin suna da injin GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da shi, kuma akwai katirijinsa na girip, idan aka samu shi ma zai iya zama ma'auni, sai dai ka rubuta a fili da me ka gwama. Sannan tunda za a ɗebi samfur na biyu daga jikin mutum wanda ba don maganinsa kai tsaye ba, wannan bincike ne, sai an nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da na shugabannin lafiya na yanki, sai kuma mutum ya yarda da bakinsa bayan an yi masa bayani da yaren da yake ji, Fulatanci ne, Hausa ce, Larabcin Shuwa ne ko Faransanci. Yaro kuma iyayensa za su ba da izini. Kar ka raina wannan, tsohuwa idan ta ga an soka wa jikanta tsinke sau biyu ba a gaya mata dalili ba, gobe unguwa gaba ɗaya ta ji, kuma ba za ka ga laifinta ba.

Sai maganar su wa za a saka, kuma a nan ne na ga aka fi ɓata aiki. Ka ɗauki ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar ka manna a bango: mutumin da aka auna zafin jikinsa ya kai digiri 38 ko fiye, yana tari, kuma abin ya fara cikin kwana 10 da suka wuce. Duk wanda ya shigo ya cika wannan, a saka shi, ɗaya bayan ɗaya yadda suka zo, ba zaɓe. Idan marasa lafiya sun yi yawa sai ku tsayar da ƙa'ida tun farko, misali mutum biyar na farko kowace safiya, ko Litinin da Alhamis kaɗai, amma kar majo, wato nas, ya tsaya yana duba fuska yana cewa wannan daga gani girip ce a saka shi, wancan murar ƙura ce a bar shi. Idan ka zaɓi masu jin jiki sosai, ka zaɓi masu ƙwaya da yawa kenan, gwajin zai yi ta kamawa kana murna, alhali ba su ne yawancin waɗanda za ka yi wa gwajin gobe ba.

Kuskure na biyu da ya fi wannan muni, kuma talauci ne ke jawo shi, shine a ce PCR tsada gare shi don haka waɗanda kaset ya nuna pozitif kaɗai za a tura a tabbatar. Ɗan uwa in ka yi haka ka rufe idonka daga abin da ka fito nema, domin matsalar gwajin nan tana cikin negatif ɗinsa ne, waɗanda ya ce babu alhali akwai, su kuma ka bar su sun tafi gida ba wanda ya sake duba su. Kowa da kowa sai an yi masa duka biyun. In kuɗi bai kai ba gara ka rage yawan mutane gaba ɗaya ka kuma faɗi gaskiyar adadin.

Adadin kuwa ba yawan waɗanda ka gwada ake dubawa ba, yawan waɗanda PCR ya tabbatar suna da girip ake dubawa. Idan kana tsammanin ƙarfin kamu wajen kashi 70 kuma kana son kuskuren lissafinka kar ya wuce 10 sama ko ƙasa, kana buƙatar masu cutar wajen 80. A ce mutum ɗaya cikin biyar na masu zazzaɓi da tari ne ke da ita, kaga sai ka gwada mutum 400 kenan. Shi ya sa lokaci ke da muhimmanci, kuma kar ka yanke cewa tunda hunturu ya shigo kowa na atishawa to lokacin girip ne, ƙura da sauran ƙwayoyin mura suna nasu aikin, a ƙasashen zafi irin namu girip ba ta bin kalandar Turai, tana iya yawo a watanni daban-daban. Masu sa ido a kan cutar su ke da rajistar makon da take tashi, su za ka tambaya.

Ɗiban majina shi ne rabin aikin. Ka bi abin da takardar kwalin ta ce, idan ta ce can ƙuryar hanci inda ya haɗu da maƙogwaro to can ɗin, tsinken yana shiga a kwance ne ya bi ƙasan hanci kaman zai nufi kunne, ba sama wajen ido ba, a juya shi, a ɗan bar shi daƙiƙu kaɗan ya sha, sannan a zaro. Da yawa daga cikinmu tausayi ke sa mu shafa bakin hanci kawai mu cire musamman idan jariri na tsala ihu uwar na kallo, to wannan tausayin shi ke haifar da negatif na ƙarya. A riƙe yaro da kyau, uwa ta rungume shi a ƙirji hannu ɗaya a goshi, a yi sau ɗaya a gama. Tsinke biyu za a ɗauka, na kwalin don kaset, ɗayan kuma a jefa a kwalbar ruwan ajiye ƙwayar cuta don PCR, kuma na PCR ɗin kar ya zama mai sandar itace da kan auduga, mai kan roba-roba ake so. Ku dinga sauyawa, yau na kaset ne farko a hancin dama, mutum na gaba na PCR ne farko, don kar ɗaya ya dinga kwashe rabo mai tsoka kullum. Wasu don gudun soka biyu sai su ɗebi ruwan kwalbar PCR su ɗiga a kaset, wannan yana tsinka samfurin ya rage kamu, kar a yi sai in takardar kwalin ta yarda da hakan, in an yi kuma a rubuta. Takunkumi da safar hannu kuwa ba sai na faɗa ba, mutum zai yi maka atishawa a fuska.

A rajista kowane mutum lamba za a ba shi, ba suna ba. A gefen lambar a rubuta shekaru, kwana nawa da fara ciwon, ko an kwantar da shi ko daga gida ya zo, wa ya ɗebi samfurin, lambar rukunin kwalin da ranar ƙarewarsa, da zafin ɗakin a lokacin. Kwana nawa ɗin nan ka matsa a kai, don gwajin ya fi kamawa a kwana 3 zuwa 4 na farko, mutanenmu kuwa sai sun sha parasetamol na mai tebur, sun yi sirace, sun sha na palu, sannan a kwana na shida su zo. In ka tambaya yaushe ya fara a ce maka ya kwana biyu, kuma kasan kwana biyun Bahaushe yana iya zama mako, sai ka bi da ranar kasuwa ko Juma'a, kafin Juma'a ne ko bayanta.

Wajen karantawa a saita agogo mai ƙara, wayarka ma ta isa. Idan an ce minti 15 to 15 ne, kaset ɗin da aka manta a tebur aka dawo bayan sallar Azahar aka ga wani siririn layi, wannan ba sakamako ba ne. Mutum biyu su karanta kowa shi kaɗai, kowa ya rubuta a takardarsa ba tare da ya ga na ɗan uwansa ba, domin in ƙarami ya ji babba ya ce negatif to ko ya ga layi shiru zai yi, haka tarbiyyarmu take. Inda suka saɓa a kira na uku nan take. Layi dishi-dishi da ya fito cikin lokaci galibin kwalaye suna ƙirga shi pozitif ne, amma ka rubuta cewa mai rauni ne. Wanda layin C bai fito ba kuma lalatacce ne, a sake da sabo, sai dai kar a jefa shi a shara a manta, a ƙirga, don kwalin da ke lalata kaset 8 cikin 100 asara ce ta kuɗi ko da sauran suna kamu. Mai yin PCR kuma kar ya san abin da kaset ya ce.

Kwalbar PCR ita ce ke shan wahala a wajenmu. A firigo tsakanin digiri 2 zuwa 8 kar ta wuce kwana 3, in za ta wuce haka sai daskarewa mai tsanani ta digiri 70 ƙasa da sifili, wadda ba kowa ke da ita ba, kuma gidan ƙanƙarar firigon gida da wuta ke ɗaukewa ya narke ya sake daskarewa shi ya fi komai lalata ta. Don haka ku tsara ranakun ɗiba daidai da ranakun turawa, a gilasiya, wato akwatin sanyi, da ƙanƙara, a nannaɗe ninki uku, da ma'aunin zafi a ciki, a kuma san wanda zai tare ta a can. Idan samfurin PCR ya lalace a hanya, ma'aunin kansa ya karkace kenan, sai kaset ya ce akwai PCR ya ce babu ka ɗora wa kaset laifin da ba nasa ba.

Yanzu lissafi, kuma kar ya ba ka tsoro, takarda ɗaya ce da gida huɗu. Zan ba da misali da lambobin da na ƙirƙira don koyo kawai. A ce kun gwada mutum 300, PCR ya ce 60 na da girip, 240 ba su da ita. Cikin 60 ɗin nan kaset ya kama 36, ya saki 24. Ƙarfin kamu kenan 36 a raba da 60, kashi 60 cikin 100. Cikin 240 ɗin kuma ya wanke 235, ya yi wa 5 ƙage, 235 a raba da 240 ya ba ka wajen kashi 98, ƙarfin wankewa kenan. Wani zai haɗa 36 da 235 ya raba da 300 ya zo yana cewa gwajin ya yi daidai kashi 90, kuma lissafinsa bai yi kuskure ba, amma wannan lambar yaudara ce, domin ko kaset ɗin da aka ƙera ba ya nuna komai sai negatif da zai samu 240 cikin 300, kashi 80 kenan, ba tare da ya kama mutum ko ɗaya ba. Kar ka bari a saka wannan lambar a saman rahoto.

Sai ka juya teburin ka kalle shi ta inda likita yake kallo, don shi bai san PCR ba, kaset ne a gabansa. Pozitif ɗin kaset 41 ne, 36 daga ciki gaskiya, wajen kashi 88. Negatif 259 ne, 235 gaskiya, wajen kashi 91. Amma waɗannan biyun fa ba a tsaye suke ba, suna tafiya ne da yawan cutar a gari, kuma wannan shi ne abin da na fi so kowa ya riƙe. Ɗauki wannan kaset ɗin dai, kamu 60 wankewa 98. Lokacin da girip ta yi ƙaranci, a ce mutum 20 ne kaɗai cikin 1000 ke da ita, zai kama 12, sannan cikin 980 masu wani ciwon daban zai yi wa wajen 20 ƙage, kaga pozitif 32 amma 12 ne na gaske, ko rabi ba su kai ba. Lokacin da ta ɓarke kuwa, a ce 400 cikin 1000, zai kama 240 ya saki 160, ya wanke 588 cikin 600, negatif ɗinsa 748 kenan kuma 160 a ciki masu cutar ne, wato duk mutum biyar da ka ce wa babu, ɗaya na ɗauke da ita ya koma gida wajen kakarsa mai asma da matarsa mai ciki. Kaset ɗin bai canza ba, wata ne ya canza.

Kowace lamba kuma ka ba ta faɗinta, wato tazarar da gaskiya za ta iya faɗawa a ciki. 36 cikin 60 yana nufin ƙarfin kamun na gaske yana tsakanin wajen 47 zuwa 71. Da masu cutar 10 kaɗai ka samu ya kama 6, kashi 60 ɗin ne dai a baki, amma tazarar daga 31 zuwa 83 ce, wadda ba za ka iya yanke komai da ita ba. Akwai kalkuletocin wannan kyauta a intanet, ka nemi hanyar Wilson, lamba biyu kawai za ka saka.

Daga nan ka tsattsaga. Girip A daban B daban, kuma in kaset ɗin haɗe yake da korona to kowane layi nasa teburin. Yara daban manya daban, waɗanda suka zo cikin kwana 3 daban da waɗanda suka makara, har ma'aikaci da ma'aikaci, ba don a kunyata kowa ba, amma in ka ga duk waɗanda aka saki daga hannu ɗaya suka fito to horo ake buƙata ba sabon kwali ba. Ka roƙi masu PCR su ba ka lambar Ct ta kowane samfur, ƙaramar lamba na nufin ƙwaya da yawa, babba na nufin kaɗan, idan waɗanda kaset ya saki duk masu babbar lamba ne to haka ɗabi'arsa take dama, idan kuwa yana sakin masu ƙaramar lamba, ka koma ka duba sito da lambar rukunin kwalin. Abu ɗaya da zan hana, kar a ɗauki waɗanda suka saɓa kaɗai a yi ta maimaita su har sai sun daidaita sannan a gyara tebur, wannan yana ƙawata sakamako ne ta bayan gida. In za ka rubuta rahoton don wasu su amfana, akwai jerin ƙa'idoji da ake kira STARD, an sabunta shi a 2015, ka bi shi layi-layi zai tuna maka abin da ka manta.

Kar kuma a ɗora wa kaset abin da ba aikinsa ba. Ba ya bambance ire-iren girip A, ba zai ce maka wannan ta mutane ce wannan murar tsuntsaye ce ba, mu kuma mun ga H5N1 a kaji da agwagi a ƙasar nan, a 2006 a yankin Arewa Mai Nisa, a 2016 kuma a Yawunde. Don haka mai kiwon kaji ko mai fige su a kasuwa da ya zo da zazzaɓi da tari bayan kajinsa sun yi ta mutuwa, samfurinsa PCR zai tafi kuma a sanar da hukuma, komai kaset ya nuna. Pozitif na girip kuma baya wanke yaro daga palu, ana iya samun duka biyun a jiki ɗaya, TDR ɗin palu na nan a matsayinsa.

Idan kun gama, ku zauna da likitoci da majo-majo ku nuna musu teburin nan mai gida huɗu da lambobin cibiyarku, ku yanke tare me za a yi da negatif. Wanda aka kwantar yana numfashi da ƙyar, ko mai ciki, ko jariri, ko tsoho mai ciwon zuciya ko suga, a lokacin da girip ke gari, negatif ɗin kaset bai isa ya hana a ba shi maganin girip na oseltamivir ba in akwai shi, maganin kuwa ya fi aiki cikin awa 48 na farko don haka ba a zauna jiran PCR ya dawo. Ni a karne, wato katin asibiti na mara lafiya, na daina rubuta negatif zalla, ina ƙara cewa gwajin gaggawa ne kuma bai kore girip ba, layi ɗaya ne amma yana sa mai dubawa ya sake ɗaga kai ya kalli mara lafiyan. Ma'aunin zafi kuma a rataya shi a sito a dinga rubutawa safe da la'asar, kwalayen su koma ɗakin da ya fi sanyi a ginin, kuma duk sanda sabon rukuni ya iso ko bazara ta wuce a kan wanda ke ajiye, a ɗauko tsinken pozitif da na negatif na cikin kwalin a gwada kafin a taɓa hancin kowa, a rubuta kwanan wata a jikin murfin.